Saba'in da Biyar Cif

A gaban ofishin sashen lissafi akwai wani allon sanarwa mai murfin gilashi, cikinsa kuma akwai wata takarda da duk ɗan shekarar farko yake haddacewa ko bai so ba. Sharuɗɗan shiga digirin haɗaka na lissafi da fiziks ne, wanda muke kira Onas. Mutum ashirin ake ɗauka a shekara. Sai ka gama shekarar farko, matsakaicin makinka ya kai tamanin, sannan kada ka sauka ƙasa da saba'in da biyar a ko ɗaya cikin darussa huɗu: kalkulas na ɗaya da na biyu, fiziks na ɗaya da na biyu. Can ƙasa an ja wa wata jimla layi da jan biro: saba'in da huɗu da ɗigo tara ba saba'in da biyar ba ne.

Uku daga cikin huɗun na tsallake su lafiya. Kalkulas na biyu ne ya tsaya mini a wuya. Na shiga jarrabawar ƙarshe da maki ashirin da huɗu cikin talatin na aikin aji, wato sai na samu hamsin da ɗaya cikin saba'in ɗin da suka rage. Tambayoyi biyar ne, kowace maki sha huɗu.

Ranar Talata ce, daga tara zuwa sha biyu, a babban zauren da fankokinsa ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na amsa huɗu, ta ukun ma na san na yi ɓarin makauniya a cikinta. Da na iso ta biyar saura minti ashirin. Na karanta ta sau uku, ko bakin zaren ban kama ba. Na rubuta lamba biyar a gefen shafi, na yi mata da'ira, na zauna ina kallon farar takarda. Na tuna hannuna na dama ya yi sanyi har gwiwa, irin sanyin da kan kama hannu in ka daɗe kana wanki da safe. Na tuna ina kallon agogon bango. Abin da na sani bayan wannan shi ne muryar mai tsaron jarrabawa yana cewa a ajiye biro. Na rufe littafin amsa ko kallonsa ban yi ba, don kunyar shafin nake ji.

A hanya na lissafa abina. Ko an yi mini adalci da tausayi, ba zan wuce sittin da tara ba.

Abokiyar ɗakina, wadda muke kira Rediyo saboda ba a kashe ta, ita ce ta fara ganin sakamako bayan mako uku. Ta shigo da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

"Auta! Tashi! Saba'in da biyar cif! Wallahi kamar an auna miki da cokali!"

"Layin wata kika duba."

"Ni da na haddace lambarki fiye da tawa? Tashi mu je ki gani, uwar gardama."

Muka je. Ga lambata, ga saba'in da biyar. A ƙasan allon kuma ga jerin mutum ashirin da aka ɗauka, ni ce ta sha tara. Rediyo na ta tsalle tana rungume ni, ni kuwa ina ta sake karanta lambar. Ban ji daɗi ba ko na minti ɗaya. Abin da ya zo mini shi ne an yi kuskuren tarawa, ko an ba ni makin wata, wata baiwar Allah tana can tana kuka a kan abin da yake nata. In aka gano bayan na shiga, da wane ido zan kalli mutane?

Dokar jami'a ta ba ɗalibi damar ganin takardarsa cikin mako biyu. Na cike fom. Magatakardan sashen, wani dattijo da tabarau ke rataye a wuyansa da igiya, ya duba fom ɗin, ya duba ni, ya sake duba fom.

"'Yata, shekara ashirin da biyu ina wannan kujera. Kowa kuka yake zuwa yi an rage masa. Ke ce ta farko da ta ci kuma ta kawo ƙara. Ko ragi kike nema?"

"Gani kawai nake so in yi, Baba."

"To, gani ba ya hana ci. Ajiye waya da jaka a nan."

Ya kai ni wani ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya da taga ɗaya can sama, duk warin tsofaffin takardu. Ya ajiye mini littafin amsa, ya koma bakin ƙofa ya zauna yana sakace. Na buɗe. Tambaya ta ɗaya sha uku. Ta biyu sha biyu. Ta uku takwas, daidai yadda na zata. Ta huɗu sha ɗaya. Arba'in da huɗu ke nan. Na juya shafi.

Ga lamba biyar da da'irarta, da hannuna. A ƙarƙashinta kuma shafin cike yake har rabi. Layi goma sha ɗaya na lissafi, da shuɗin biron da na yi amfani da shi, wanda yake ɗan zubar da tawada a farkon kowane layi. Amma rubutun ba nawa ba ne. Ni rubutuna a kwance yake, kamar ciyawa bayan ruwa. Wannan kuwa a tsaye yake, ƙanana, kowane harafi da tazararsa kamar an buga da inji. Kowace bakwai an gindaya mata sanda a ciki. Kowace huɗu a buɗe take ta sama. A layi na sha ɗaya rubutun ya tsaya a tsakiyar lissafi, biron ya ja wani siririn layi ya gangara har bakin takarda. A gefe mai gyara ya sa bakwai da jan biro, ya rubuta: hanya mai kyau, me ya hana ki ƙarasa?

Na san rubutun. Da shi na koyi ƙirga.

Mahaifina safiyo ne, shekara talatin yana auna filaye yana zana taswira, kuma masu wannan aikin da wannan hannun suke rubutu. Sai dai shekara uku kafin wannan rana ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ya yi wannan rubutun a kan cinyarsa yake kwana yake tashi, ko ƙuda ba ya kora. Maganarsa ma ta tafi, kalma ɗaya ce ta rage masa: madalla. Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa in an kashe masa rediyo. Gidanmu kuwa tafiyar awa biyu ce a mota daga jami'a.

"Kin ga abin da kike nema?" in ji magatakarda.

Na ce na gani.

Da na fito rana sai na duba hannuna, na tuna wani abu da na manta. Ranar jarrabawar da yamma na ga tabon tawada da wani ɗan kwarmi a tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, har na yi mamaki, don ni ba nan nake riƙe biro ba. Baba ne yake soke shi a tsakanin yatsun nan biyu. Muna yara muna yi masa dariya, muna cewa kamar mai riƙe da sigari.

Washegari na hau motar gida.

Shagon ɗinkin Umma a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da falo, don ta riƙa jin motsin Baba tana kan keke. Na same ta da allura a baki tana kafa hannun wata riga. Ta tashi ta rungume ni, don Yaya, babban wana, ya riga ya gaya mata an ɗauke ni. Ta rame.

"Ina Baba?"

"Yana ciki. Tsaya tukuna." Ta cire allurar ta soke a ƙirjin rigarta. "Ban gaya miki ba don kina cikin jarrabawa. Jikin ya ɗan motsa masa."

"Yaushe?"

"Yau kwana ashirin da wani abu. Wata Talata. Ina nan ina yanka, wajen sha biyu saura, sai na ji kujerarsa tana ƙara. Na leƙa. Auta, hannun nan ne yake tafiya a kan zanen da na rufa masa. Hannun dama. Yana tafiya daga nan zuwa nan, ya dawo, ya sauko ƙasa kaɗan, ya sake. Idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba, gumi kuwa kamar an kwara masa ruwa. Na yi ta kiransa. Ni har murna na fara, na ce lafiya ce ta zo. Can sai hannun ya zame ya faɗi, shi ma ya langaɓe."

"Likita fa?"

"Ya ce ciwon shanyewar ne ya sake bugunsa, amma ƙarami. Sun ƙara masa magani." Ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Tun ranar bai sake cewa madallar ba."

Bai kuma sake faɗinta ba har yau.

Yana zaune a kujerarsa kusa da taga, an yi masa aski, an sa masa farar riga. Ɓarin fuskarsa mai rai ya yi murmushi da ya gan ni. Na durƙusa na gaishe shi. Hannun yana kan cinyarsa, amma ba a sake yake ba kamar da. Yatsun sun ƙage, babban yatsa ya tokare manuniya, tsakanin manuniya da na tsakiya kuma akwai 'yar kafa daidai shigar biro. Umma ta ce mai gashin ƙashin da ke zuwa duk Alhamis ya yi iya yinsa, sun ƙi buɗuwa.

Da ta koma shago sai na matsa kusa da kunnensa.

"Baba, na ga takardata."

Ya kalle ni.

"Tambaya ta biyar. Kai ne?"

Bai gyaɗa kai ba, bai girgiza ba. Idonsa na hagu ne ya ƙanƙance, irin yadda yake yi da in ya ɓoye mana alawa a aljihu yana jira mu gano. Nan na tuna halinsa. Tun ina firamare Baba bai iya ganin yaro ya maƙale a lissafi ba. Zai tsaya a bayanka yana numfashi, yana ƙoƙarin yin haƙuri, ba ya kai minti biyu sai ka ji ya zare fensirin daga hannunka. Umma ta yi faɗan har ta gaji.

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka. Ya ɗora mini hannun hagu a ka.

Da yamma na gaya wa Umma komai a shago, Yaya na zaune a kan benci yana cin burodi da shayi, ya dawo daga aikinsa na haɗa wayar lantarki. Umma tana ta juya almakashi a hannu. Yaya ne ya yi dariya.

"Ke dai karatu ya taɓa miki kai. Kin rubuta abinki a ruɗe kin manta. Ni ma in na gaji sa hannuna yakan koma irin nasa."

"Yaya, ban san amsar ba. Har yanzu ban san ta ba."

"To sai me? An ba ki ko ba a ba ki ba? Ki ja bakinki ki tsuke. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya."

Umma ta ajiye almakashin. "Jarrabawa nawa ake yi a wannan Onas ɗin?"

Na ce shekara uku ce ta rage, kowane zango darasi biyar ko shida, kuma kowanne ya fi kalkulas na biyu wuya.

Na ga inda hankalinta ya tafi, don ni ma can nawa yake. Rabin tambaya ɗaya ta cinye masa kalmar da ta rage. Me ta gaba za ta ci?

Na ɗauki ɗaya daga tsofaffin littattafan awonsa na koma makaranta.

Shugabar shirin Onas wata Dakta ce, malamar fiziks, doguwa, mai furfura a gaban goshi. Ɗalibai na kiranta Sikeli, don ba ta ƙari ba ta ragi, kuma ana cewa ita ta ja jan layin nan na allon sanarwa. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta aika aka kawo takardata. Ta buɗe littafin awon Baba a gefe, ta daɗe tana kallon wannan tana kallon wancan.

"Akwai wanda ya zo kusa da ke a zauren?"

"Babu, Dakta."

"Haka rahoton mai tsaro ya ce. Biro ɗaya ne, tawada ɗaya ce." Ta cire tabarau. "Mahaifinki ne ya koya miki lissafi?"

"Shi ne."

"To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hannu yana da nasa tunin. Mutum in ya shiga matsi yakan koma kan abin da ya fara gani. Hanyar da aka bi a nan tsohuwa ce, an daina koyar da ita tun kafin a haife ki, wataƙila kin taɓa ganinta a wurinsa. Ni abin da ke gabana shi ne takarda mai lambarki da maki saba'in da biyar. Fom ɗina ba shi da gurbin abin da kika faɗa. Kujera taki ce."

"Dakta, ki gwada ni."

"Ba na gwada wanda ya riga ya ci."

"Don Allah. Tambayar nan dai. In na iya, na yarda da maganarki."

Ta dube ni kamar mai duba awo, sannan ta ɗauki makulli.

Ajin da ta buɗe babu kowa, ana hutu, an kifa kujeru a kan tebura. Wajen ƙarfe uku ne na rana, haske na shigowa ta tagogi har kana ganin garin alli yana yawo a cikinsa. Ta kwafe tambayar a allo, ta canja lambobi biyu, ta miƙa mini alli, ta sauke kujera ɗaya ta zauna a baya.

Na rubuta layin farko da hannuna, abin da kowa zai iya rubutawa. Na rubuta na biyu. Daga nan na tsaya. Na ji ƙarar wata mota can nesa, na ji Dakta ta gyara zama. Minti ɗaya, biyu. Sai sanyin ya fara daga ƙumba.

Wannan karon idona biyu, ina kallo. Sanyin ya hau yatsu, ya wuce wuyan hannu. Na ga allin ya mirgina da kansa daga inda na riƙe shi ya koma tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya. Hannuna ya ɗaga, ba ni na ɗaga shi ba. Ba fizga ba ce, a hankali ne, da ladabi, kamar yadda babba kan kama hannun yaro zai tsallakar da shi titi. Har wani ƙamshi na ji, na man da Umma ke shafa masa a kafaɗa. Allin ya taɓa allo. Ya rubuta alamar daidai, ya rubuta bakwai, ya gindaya mata sanda.

Na sa hannun hagu na damƙe na dama na fizgo shi. Allin ya karye. Hannun ya sake miƙewa wajen allo, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har kafaɗata ta yi ƙara. Na zube ƙasa na danne shi da gwiwa.

"Baba, bari! Don girman Allah ka bari!"

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. A hankali na ji ɗumi yana dawowa, yatsuna suka saki. Na lalubo waya da hagu na kira Umma. Ta ɗauka a bugun farko, tana haki.

"Ya fara, na riƙe shi. Ya daina yanzu. Me kike yi a can?"

"Yana numfashi? Yana ganinki?"

"Yana harara ta ma. Auta, ko me kike yi, ki daina."

Da na ɗago, Dakta na tsaye a gaban allo. Layi biyu a kwance da rubutuna, sai alamar daidai da bakwai ɗin nan a tsaye, tsaf, kamar an buga. Ta kai yatsa kusa da ita, ba ta taɓa ba. Na ga gashin hannunta a miƙe. Ta ɗauki magogi ta share allon gaba ɗaya, har tambayar, ta bi ta sake sharewa inda babu komai.

"Tashi ki karkaɗe jikinki," in ji ta. Muka koma ofis.

Ta zuba mini ruwa, ta zuba wa kanta. Ta ce ita ba za ta cire sunana ba, don ba ta da dalilin da za ta rubuta. Amma in ni na janye da kaina, doka ta yarda ɗalibi ya maimaita darasi ɗaya a shekara mai zuwa ya sake nema, sau ɗaya tak. Sabon makin ne zai tsaya, ko ya fi tsohon ko bai kai ba. In na samu saba'in da huɗu, shi ke nan, ita ma ba ta da yadda za ta yi.

"Ki yi tunani. Shekara guda ce za ki zubar."

"In na shiga da abin da ban iya ba, Dakta, kullum zan riƙa maƙalewa. In na maƙale kuma ba zai iya haƙuri ba."

Ta miƙo mini fom ɗin janyewa. Da zan fita ta ce duk Laraba da ƙarfe biyu ofishinta a buɗe yake, in zo da tambayoyina. Ba ta taɓa sake tayar da maganar ajin nan ba.

Wanda yake na ashirin da ɗaya ya samu kujerata. Rediyo ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihinta. Yaya ya ce ni da jaki bambancinmu kunne ne. Waɗannan duk da sauƙi. Baba ne ya juya mini fuska. Na durƙusa na yi masa bayani, na ce ba raina taimakonsa na yi ba, so nake ya daɗe tare da mu. Ya kau da kai wajen taga. Wata biyu in na shigo ɗakin sai ya rufe ido kamar mai barci, in na fita in ji Umma tana cewa, "To buɗe, ta tafi, tsoho da rigima."

Na koyi abu ɗaya a shekarar: kada in zauna da biro a hannu ina kallon abin da ban iya ba. In tambaya ta gagare ni a ɗakin karatu sai in ajiye biron, in tashi in zaga, in dawo, ko in kai wa Dakta ranar Laraba. Sau biyu na manta, na ji ƙumbata ta fara sanyi, na yi jifa da biron har wani ya ɗauka maciji na gani. Na yi tambayoyin shekara goma da suka wuce, na sake yin su. Wajen tsakiyar shekara Baba ya huce. Nakan zauna kusa da shi ina karanta masa yadda na warware wata tambaya, in na bi doguwar hanya sai ya ja tsaki da rabin baki.

Jarrabawar ta faɗo ranar Alhamis, tara zuwa sha biyu, a zauren nan dai. Na amsa huɗu da rabi. Rabin ƙarshen ya tsaya mini, saura minti goma sha biyar. Na ajiye biro, na zauna a kan hannuna, na yi lissafin a ka har na ga hanya, sannan na ɗauka na rubuta abin da lokaci ya bari. Wani ɗan sanyi ya zo ya tsaya a wuyan hannu, bai wuce nan ba. Kafin in miƙa littafin na buɗe kowane shafi na duba. Duk rubutuna ne, a kwance, mummuna.

Saba'in da bakwai na samu. Ni ce ta sha shida a jeri.

Da na je gida da labarin, na tarar da riguna a jibge a shago ba a taɓa ba, Umma na zaune tana jiƙa tsumma a ruwan zafi. Na ce ai na ji daɗi, wannan karon Baba bai motsa ba.

"Wa ya gaya miki?"

Ta janye hannun rigarta. Mako uku da jarrabawar, amma shatin yana nan a wuyan hannunta duka biyun, ya koma ɗorawa-ɗorawa da baƙi, ana iya ƙirga yatsu.

"Tun tara na rufe shago na zauna a gabansa. Shiru, shiru, har na fara gyangyaɗi. Sha biyu saura kwata ya taso. Da hannu biyu na danne, da ƙirjina, ya kusa ɗaga ni daga ƙasa. Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali." Ta matse tsumman ta ɗora. "Amma tunda bai rubuta ba, bai faɗi ba. Da rana ma ya cinye shinkafarsa tas."

Daga falo muna jin ƙarar rediyonsa, ana karanta labarai.

"Yaushe za ku fara?" in ji ta.

"Wata mai zuwa."

"To da zarar sun kafe jadawalin jarrabawa ki kwafo mini, da rana da awa, har ƙananan gwaje-gwajen da suke yi muku a aji. Kada ki bari sai ana gobe. Masu kaya ba sa son a rufe musu shago ba sanarwa, kuma in mai awa uku ce sai yayanki ya ɗauki hutu ya zo ya kama mini, ni kaɗai ba zan iya ba." Ta nuna mini tulin rigunan da haɓa. "Ɗauko mini shuɗiyar can ki zura mini zare, yatsuna ba su gama dawowa ba."